Kujerar Bakin Taga

Ban gama cire rigar sanyi ba Herr Thomsen ya tura kujerarsa baya, ya miƙe ya nufi taga.

"Kada ka soma," in ji Gesche Lührs, ko ɗago kai ba ta yi ba daga littafin da take liƙa wa bango.

"Frau Lührs, tun jiya muke shaƙar numfashin juna a ɗakin nan."

"To ga waje can, ba a hana ka ba."

Ya wangale tagar gaba ɗaya, ya je ya buɗe ƙofa ya tokare ta don iska ta ratsa, sannan ya wuce kicin haɗa gahawa. Sanyin Janairu ya faɗo daga bakin teku, ya bi ta ƙeyar Gesche, ya watsa mata takardu a ƙasa.

Mu uku ne a ɗakin baya na laburaren garinmu, inda ake gyaran littattafai. A wajenmu Herr ake ce wa namiji, Frau kuma mace, don girmamawa. Ina son aikin nan, wallahi. Ina son warin sababbin littattafai, da tsofaffin da ke zuwa karanta jarida su ɓige da gyangyaɗi. Na haƙura da firintar da ke cin takarda, na haƙura da wanda ke shanye gahawa ya mayar da butar wayam. Amma rigimar taga ta ishe ni. Teburin Gesche ne a bakinta, na Herr Thomsen a lungu, nawa kuwa manne da hita, na'urar ɗumama ɗaki. Shekaru na yi ina jiran mai kujerar hitar ta yi ritaya kafin na gaje ta.

Kafin hutun rana shugabarmu, Frau Okken, ta kira ni ofishinta.

"Maren, kin san reshenmu na ƙetaren kogi yana neman mutum?"

"Na ji."

"Frau Lührs ta ce tana so. Na ce ta yi tunani zuwa tashi yau. In ta sake faɗa, ba ni da hujjar riƙe ta."

Da Gesche nake cin abincin rana tun ranar da na fara aiki. Ita ta raka ni asibiti lokacin da aka yi wa mahaifiyata tiyata. In ta tafi, ni da Herr Thomsen za a bari, da tarihin jiragen ruwan da yake ba mutum ko bai tambaya ba.

"Saboda taga?"

"Saboda taga." Ta murza goshinta. "Na faɗa musu su sasanta kamar manya. Shi ya kawo mini bayanin likitoci, ita ta kawo mini wuyanta."

Na tarar da Gesche a kicin tana shafa man shanu a burodi kamar shi ya yi mata laifi.

"Ashe guduwa za ki yi ki bar ni?"

"Maren, dubi yadda nake juyawa." Ta juyo da jikinta duka kamar katako. "Mijina ya ce tun kaka bai ga na waiwaya ba."

"Can ƙetaren ma akwai tagogi."

"Akwai. Babu Thomsen."

"Motar haya biyu za ki riƙa shiga."

"Zan shiga uku."

Na bar ta na koma ɗaki. Herr Thomsen na zaune yana feƙe tuffa da ƙaramar wuƙarsa, ya shimfiɗa hankici a cinya.

"Herr Thomsen, in ka rage buɗewar fa? A ɗan karkata ta daga sama kawai."

Ya ajiye wuƙar. "A karkata? Wannan ai ɓarnar ɗumi ce, iska ba ta canja ba, bango kuma ya yi fumfuna. Ko a buɗe duka na ɗan lokaci, ko a bari. Ke ba a gida aka koya miki ba?"

An koya mini, abin haushin ke nan. Mahaifiyata ko daga gadon asibiti sai da ta sa aka buɗe mata taga.

"To ku yi musayar teburi. Kai mai son iska ka dawo bakinta."

Ya dube ni kamar na ce ya faɗa kogi. "In zauna a hanyar iska? So kike wuyana ya sanƙare?"

"Ita nata wuyan fa?"

"Sai ta tashi ta zaga in an buɗe. Ni ma ai tashi nake."

"Da gam a jiƙe a hannunta?"

"Wannan kuma tsarin aikinta ne." Ya ci gaba da feƙe tuffarsa.

Na zauna a kujerata. Hita na hura mini ɗumi a gwiwa. Ta ƙofa na hango Gesche ta wanke hannu, ta gyara gashinta, ta nufi ofishin Frau Okken. Ba ta ma jira lokacin tashin ba.

"Gesche!"

Ta juyo, jiki duka.

"Zo ki kama mini kwamfutar nan."

"Ina za ki kai ta?"

"Teburinki. Ke ki dawo nan."

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Kujerar hita? Ke da ko jakata ba kya bari in ajiye a kanta?"

"Ki zo kafin in dawo hayyacina."

Muka kwashe kaya. Herr Thomsen ya riƙe mana wayoyin lantarki yana ta gargaɗi kada mu karce ƙasa. Frau Okken ta leƙo, ta dubi teburan, ta dubi Gesche.

"Frau Lührs, maganar ɗazu fa?"

"Wace magana?" in ji Gesche, tana lumshe ido a jikin hita.

Washegari na zo da mayafin ulu da riga biyu. Da safe aka buɗe, na daure. Da rana aka buɗe, na danne takarduna da gwiwar hannu, na daure. Can wajen la'asar, yatsuna sun fara dawowa daidai, sai na ji Gesche ta yi doguwar hamma. Ta cire suwaita, ta shiga fifita da katin littafi.

"Kai, nan wajen akwai nauyi. Kaina har ya fara sarawa." Ta waiwaya lungu. "Herr Thomsen, ba za ka ɗan buɗe mana ba?"

Ya miƙe da sauri har kujerarsa ta bugi bango. "Da farin ciki, Frau Lührs!"

"Gesche," na ce.

"Na ɗan lokaci ne kawai, ƙawata. Ai yana da amfani ga lafiya."

Su biyu suka fita haɗa gahawa, suna hira. Na ja mayafina har kunne, na kifa tafin hannu a kan takardu, na jira su dawo.