Tiyon Birkin Hagu

Chela ta shigo rumfar gyara ta filin tsere da motar, ta kashe inji, ta cire hular kwano ta ɗora a kan rufin. Warin birki ya riga ta fitowa.

"Kawu, birki yana laushi. Zagaye huɗu lafiya lau, a na biyar na taka sai da ƙafata ta kusa kaiwa ƙasa. Kuma tana jana dama."

Kawun nata, Don Hilario Quiroga, wan mahaifiyarta, bai tashi daga kan kujerarsa ba. Ya tsotse sauran shayin ganyen mate da ke ƙoƙo, ya miƙa wa mijinta Osvaldo, wanda ya baro haƙarƙarin saniya a kan garwashi ya taho da cokalin juya nama a hannu.

"Man birki ne," in ji Osvaldo. "Tun jiya na faɗa. A zubar a sa sabo, shi ke nan."

"Kai ka faɗa? Jiya abin da na ji ka faɗa shi ne gishiri ya ƙare."

"To likitan motoci, ni dai na yi shiru."

Hilario ya jawo kujerar kusa da tayar gaba ta hagu, ya zura hannu ta bayanta, ya shafa cikin tayar. Da ya fito da hannun, yatsunsa huɗu sun kwaso wani gari mai launin ruwan lemo. Ya goge a wando kafin wani ya gani.

Motar ƙarama ce, ja, an sassauke ta har kwalin sigari ba ya wucewa a tsaye ƙarƙashin bambarta. Tiyo biyu ne masu ruwan lemo, kaurin damtse, suke ɗebo iska daga bamba su kai wa faifan birki. Aikinsu ke nan, fifita. In ɗaya ya mutu, faifai ya yi ja, mai ya tafasa, direba ya taka birki ya ji babu kowa a gida. Wannan garin da ya gani a hannunsa, naman tiyon hagu ne taya take ci.

Duk wanda ya taɓa shan mate a garejin Hilario ya san dokarsa: mota a ƙasa, direba a ciki, alli a hannu. Ba a ɗaura tiyo mota tana sama. A sama tayoyi lilo suke yi, ko'ina fili ne, ko makaho ya sami hanya. Sai an sauke ta, nauyi ya zauna, an murɗa sitiyari, sannan filin nan yake ɓacewa. Shekara arba'in yana kwanciya a kan kwali yana goga wa tiyo alli, yana duba ko ya shafi taya. Ya yi wa makanikai da dama dariya a kan wannan, wasu har a gaban iyayen gidansu.

Ranar Alhamis shi ma a sama ya ɗaura su.

Wata uku ke nan da ya kwanta ƙarƙashin wata mota a gareji, ya gama aiki, ya zo tashi, baya da gwiwa suka ce ba su san zancen ba. Awa guda ya yi a kan siminti kafin ya ja ciki zuwa ƙafar teburin aiki. Bai gaya wa kowa ba. Ya san 'yar'uwarsa, ya kuma san 'yarta. Ranar da suka ji, ranar za a saya masa kujera mai laushi da talabijin, a kai motar wurin wani yaro mai kwamfuta. Tun daga nan komai a kan injin ɗaga mota yake yi, a tsaye. Ranar Alhamis ya auna da ido, ya ce shekara arba'in ai ba wasa ba ce.

Lasifika ta ce saura minti arba'in a fara tseren ƙarshe, zagaye goma sha biyu.

"To Kawu, a canza man?" in ji Chela. Tana tsaye tana warware gashinta, tana kallonsa.

Hanya ce a buɗe. Canjin mai daga kan kujera ma zai yi shi, Osvaldo kuma zai yi mako yana cewa shi ya gano. Sabon mai zai riƙe zagaye bakwai, wataƙila takwas. Bayan nan akwai miƙaƙƙiyar hanyar baya, wadda ƙarshenta kwana ce kamar ƙugiya, bayan kwanar kuma tarin tsofaffin tayoyi da tudun ƙasa. Hilario ya san tudun nan. Ya taɓa zuwa da motar ja ya kwaso abin da ya rage na wata mota daga jikinsa.

"Ba mai ba ne," ya ce. "Tiyo ne. Taya ta cinye na hagu."

"Wa ya ɗaura?" in ji Osvaldo.

"Kakarka."

Osvaldo ya dubi matarsa.

"Shiga ki zauna," Hilario ya ce wa Chela. "Da hularki, da komai. Kai kuma ajiye cokalin nan, kawo min kwali da alli da sauran tiyon da ke cikin akwati. Yau dai tumbin nan zai yi amfani."

Ya sauka daga kujera a hankali, gwiwa ɗaya tukuna, sannan hannu, sannan kafaɗa. Mutanen rumfar da ke gefe suka leƙo. Wani ya ce, "Ga tsoho zai yi mana karatu!" Hilario ya zura kai ƙarƙashin motar.

Daga ƙasa abin a fili yake. Tiyon ya bi ta bayan ƙarfen da ke riƙe da taya, wurin da yake da faɗin tafin hannu in mota tana sama. Yanzu ko yatsa biyu ba sa shiga. Taya ta huda shi, ƙarfe ya matse shi ya zama kamar taɓaryar da mota ta taka. Ya yanke ya jefar. Ya biyo da sabon ta gaba, manne da jikin mota, ya ɗan danne shi ya yi faɗi a inda wurin ya fi ƙunci, ya bar masa sassauci kusa da faifai don ya bi taya in ta juya. Ya ɗaure wuri uku, ya goga alli.

"Murɗa hagu. Duka. Dama. Osvaldo, hau kan hancinta."

"In hau? Fentin fa?"

"Hau, ka ce kai birki ne."

Osvaldo ya zauna a kan hancin motar, ta duƙa kamar yadda take yi in an taka birki da ƙarfi. Chela ta murɗa. Alli ya fito a jikin taya, ɗan layi siriri. Hilario ya kwance, ya matsar, ya sake ɗaurewa. Karo na biyu ma ya fito. A na uku taya ta fito baƙa ƙirin. Ya ja jiki da gwiwar hannu zuwa ɗaya gefen, ya tarar na dama saura ƙiris shi ma, ya gyara. Osvaldo ya zuba sabon mai, tunda na ciki ya riga ya dahu, yana yi yana cewa ai dama ya faɗa.

Lasifika ta kira motoci.

"Ja baya a hankali," in ji Hilario. "Tafi."

Motar ta janye daga kansa, rana ta leƙo ta gefen rumfa ta sauko masa a fuska. Osvaldo ya ɗauki agogo ya ruga bakin katanga. Rumfa ta zama babu kowa sai nama yana ɗiga a wuta.

Ya gwada tashi sau ɗaya. Ya gwada na biyu. Sai ya haƙura, ya jawo hularsa ya rufe ido, ya harɗe hannu a ƙirji. Wata mata mai sayar da burodi ta wuce ta ce wa abokiyarta, "Dubi wannan, ko a jikinsa."

Da kunne ya kalli tseren. Ya san muryar injinsa a cikin ashirin. A kowane zagaye yana jin ta taho kan miƙaƙƙiyar hanya, yana jiran inda za ta ɗaga ƙafa. Na biyar, a wurin. Na bakwai, a wurin. A na takwas ya ji ta wuce wurin da kaɗan, sai ya ji giya tana sauka ɗaya bayan ɗaya, lafiya. Wani take son wucewa. Ya ce, "'Yar banza," ya gyara hula.

Ta zo ta huɗu.

Da ta dawo ba ta shigo da motar rumfa ba, a waje ta tsaya. Ta zo ta tsaya a kansa, ta dubi kwalin, ta dubi kujerar da ke nesa da shi taku biyu. Sai ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, ta zauna a ƙasa kusa da shi da kayan tserenta.

"Birki?" ya ce.

"Kamar dutse, har ƙarshe."

Ta ɗaga masa kai kaɗan ya tsotsa. Daga can Osvaldo yana kururuwa nama ya ƙone.

"Ranar Litinin zan turo magina gareji," in ji Chela. "Rami za su haƙa, irin na da. Mota a ƙasa, kai a tsaye. Da matakala."

Hilario ya dubi rufin rumfar.

"Ta gefen taga," ya ce. "Can ne haske. Kuma kada ki bar mijinki ya taɓa shebur."

Sannan ya miƙa mata hannu.