Ruwan da ke Ƙarƙashin Ƙafar Baba

Ranar da Baba ya buɗe ƙofar mota ya tarar an shimfiɗa leda a kujerar gaba, sai ya shiga kawai. Ya zauna a kanta, tana ƙara a ƙarƙashinsa duk sanda aka taka birki, har ɗansa ya sauke shi a bakin rumfarsa ta gyaran keken ɗinki.

Ya san dalilin ledar. An ɗan kwana biyu ana samun kafet ɗin gefensa a jiƙe, daidai inda yake ajiye ƙafa. Ƙasan wandonsa ma yakan jiƙe bai sani ba, don ciwon suga ya daɗe da kashe masa jin ƙafafu, ga shi da mota ta fara tafiya gyangyaɗi ke ɗaukarsa. Sannan kiyashi suka gano wurin, suka yi layi daga taya har cikin mota. A gidan da akwai mai suga kowa ya san abin da kiyashi ke bi. Kuma bara, da yake kwance a asibiti, abin ya taɓa kufce masa sau ɗaya a gaban ɗan nasa.

Ɗan, wanda unguwa ke kira Mai-katako saboda sana'arsa, da yamma ya zauna kusa da shi yana murza makulli.

"Baba, ni da za ka ji tawa, da ka huta haka. A rufe rumfar nan. Ka zauna a gida, ga banɗaki kusa."

"Banɗakin rumfa ƙaura ya yi?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To faɗi abin da kake nufi."

Mai-katako ya miƙe tsaye. Ya ce dai idan ya dawo daga ɗauko kaya a daji za su ƙarasa magana, kuma wannan karon ba zai bari a ja ba.

Washegari da babbar motar katako ya tafi, ya bar ƙaramar a tsakar gida, makullin a rataye a ƙusa. Da hantsi Baba ya ɗauke shi.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne jarkar da ɗansa ke ɗurawa a lagireto kusan kowace safiya yana tsaki. Ruwa ba ya ɓacewa haka nan. Duk wanda aka zuba akwai inda yake zuwa. Baba ba bakanike ba ne, bai taɓa kwance abin da ya fi keken ɗinki girma ba, amma ya yi shekaru yana zaman inuwa ɗaya da masu gyaran mota, kunnensa kuma ba a toshe yake ba.

Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashin mota. Siminti a bushe. Ya zaro sandar auna mai ya goge a yatsa: baƙi ne sosai, bai yi fari-fari kamar wanda ruwa ya shiga ba. Ya tayar da injin ya zagaya baya, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Ya bi manyan tiyo da hannu, babu danshi. Sai can bayan injin ya ga wasu ƙananan tiyo biyu sun huda bangon ƙarfe sun shige cikin mota. Da injin ya ɗauki zafi ya taɓa su. Ɗaya ya kusa ƙona shi, ɗayan kuwa kamar ba a jikin mota ɗaya suke ba. Ruwa na shiga ke nan, ba ya fitowa yadda ya kamata.

Ya shiga ya murɗa hita, na'urar ɗumama mota da tiyon nan ke kai wa ruwan zafi. Iska mai sanyi ta buso, gilashin gaba ya yi dishi-dishi daga ƙasa. Ya shafa, ya ji maiƙo a yatsa.

Surukarsa, matar Mai-katako, ta fito da bokitin wanki ta same shi ya sunkuya a gefen kujera. Tana kallo ya danna yatsa a jiƙaƙƙen kafet ya ɗora a harshe, ya tofar.

"Baba, me kake yi haka?"

"Shari'a nake yi, 'yar nan."

"Da harshe?"

"Zaƙi gare shi." Ya goge baki da hannun riga. "Ruwan lagireto mai launi an ce zaƙi gare shi, guba ne kuma. To fitsarina ma zaƙi gare shi, likita ya faɗa. Kin ga shaidar nan ba ta raba gardama ba."

Ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa jin an kira abin da sunansa a gabanta ba.

Nan Baba ya daɗe a zaune yana kallon dashbod, allon gaban mota da ya rufe hita. Idan ya bar shi a rufe, yana da sauran wurin tsayawa: wataƙila mota ce, wataƙila shi ne, kuma mutum na iya rayuwa cikin wataƙila har ya mutu. Idan ya buɗe ya tarar da ciki a bushe, shi da hannunsa ya rufe rumfarsa, babu wanda zai ɗora wa laifi. Ya tambayi kansa ko gaskiya yake nema ko kuwa nasara, ya ga bai san amsa ba. Abin da ya sani shi ne ba zai yarda a yanke masa hukunci da leda ba, alhali ba a tambaye shi ba, ba a kuma tambayi motar ba.

"Miƙo min akwatin kayan aikina," ya ce.

"Baba, idan ya dawo ya ga an kwance masa mota, ni zai fara tambaya."

"Ki ce tsohon ne ya rikice. Ai dama haka ake faɗa a ɗaki."

Ya jira injin ya huce, ya cire kan batir, ya tara roba ya zubar da ruwan lagireto. Ja ne kamar ruwan kwata bayan ruwan sama, tsabar tsatsa. Ledar kujera ya fizgo ya shimfiɗa a ƙasa, a kanta ya riƙa jera noti da sukuru, kowanne daidai gefen da ya fito. Ya cire akwatin gaban kujera, ya cire rediyo, ya sassauta sitiyari. Wayoyi kuwa ya ɗaɗɗaura musu zare launi-launi, irin na gwajin keke, don kada su rikice masa.

Aikin bai yi masa ladabi ba. Ya karya kilif uku. Ya ɓare fatar hannu bai ji ba sai da ya ga jini a sifana. Wani sukuru ya ɓuya can ciki inda yatsunsa ba sa lanƙwasawa su kai, ya yi ta fama har gumi ya jiƙa masa wuya.

"Kawo," in ji surukar. Ta aje wanki, ta naɗe hannun riga, ta kwanta a ƙasan mota ta zura hannu. "Wanda ya ƙera wannan ba ya son mutane."

"Hagu ake kwancewa."

"Na sani, Baba. Ni nake gyara murfin tukunyar gidan nan."

Kwana suka yi suka wuni a kai. Washegari da la'asar, dashbod na jingine a bango kamar ƙofar da aka cire, sai ga Mai-katako ya turo ƙyaure. Ya tsaya da jaka a hannu. Motarsa ba ta da fuska, wayoyi sun zubo, matarsa baƙin mai har gwiwar hannu.

"Baba, wa ya sa ka?"

"Wa ya sa ka shimfiɗa min leda?"

"Don Allah kada mu yi wannan maganar a tsakar gida."

"A tsakar gida aka shanya kafet, kowa ya gani. Zo nan. Baƙin akwatin can shi ya rage. Ban buɗe ba, kai nake jira. Abin da muka tarar a ciki, ni da kai mun yarda da shi. In a bushe yake, gobe ka kai kwaɗo rumfa, ni zan ba ka makulli."

Mai-katako ya dubi matarsa, ta kau da kai. Ya aje jaka ya karɓi sukundireba. Baba ya riƙe ƙofar mota yana kallo.

Murfin ya buɗe. Ruwa ja ya kwanta a ƙasan akwatin, ya bar zane-zanen inda ya sha cika yana malala. Suka kwance tiyo biyun nan suka zaro ƙaramin lagireto na hita, bai fi littafi girma ba. Kusurwarsa ɗaya ta tsage, ta yi farin gishiri-gishiri. Baba ya sa baki a bututu ya hura, kumatunsa suka kumbura, iska ta ƙi wucewa. Da ya girgiza shi sai laka ta ɗiɗɗigo masa a kan ƙafa.

Mai-katako ya zauna a bakin ƙofar mota ya riƙe kai. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ruwan rijiya nake ta ɗura mata a kan mai launin, shi ya sa ta yi tsatsa." Ya ɗago kai. "Baba, ka yafe min."

"Tashi ka nemo sabo kafin a rufe shago."

"Ba sai an saka sabo ba. Haɗe tiyo biyun nan ake yi a wuce wurin, kowa haka yake yi. Wa ke neman hita?"

"Haɗewa a wuce wurin, shi ne aikinka. Abu ya fara ɗiga, sai a kewaye shi a rufe murfi. A motar da nake shiga ba za a yi haka ba. Sabo za a sa."

Ya tafi da tsohon a hannu don gwadawa, ya dawo da sabo. Wannan karon shi ya kwanta a ƙasan mota, uban yana tsaye a kansa yana faɗa masa launin zare. Suka wanke hanyar ruwa har ta daina fitar da ja, suka ɗura ruwa mai launi, suka bar murfin lagireto a buɗe injin na aiki har kumfar iska ta gama fita. Sukuru biyu suka rage a ƙasa, babu wanda ya san gidansu. Surukar ta ce ta ajiye su ko mota za ta tambaya.

Baba ya shiga ya zauna a kujerarsa. Mai-katako ya zagayo ya kama sitiyari, ya murɗa hita, iska mai ɗumi ta cika motar.

"Shike nan, Baba. Magana ta mutu. Rumfarka tana nan."

"Ba ta mutu ba." Baba yana kallon gaba, ba ya kallonsa. "Yau mota ce. Wata rana ni ne, ni ma na sani, jikina ba sabo za a sayo masa ba. Ranar da abin ya zo, ni zan faɗa maka da bakina, ba kiyashi ba. Ko a ranar ma, tambayata za ka yi me nake so a yi. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Baba."

"To ja mu je. Akwai keken wata mata da na bari a kwance tun shekaranjiya, ta gaji da aike."