Kabarin Auta

Da hantsi Maƙeri ya haƙa wa ɗansa kabari a bayan gida, ɗan kuwa yana tsaye a gefe yana kwashe masa ƙasa da kwando.

Labari ne ya zo cewa malamin ƙidaya na tafe. Yana ware maza da mata, yana ɗaga wa yaro hannu ya duba hammata, in ya ga gashi ya tura shi layin samari. Maƙeri ya san layin nan. A ƙidayar da ta wuce babban ɗansa ya shiga shi, kafin girbi aka zo da mota aka kwashe samarin zuwa aikin fasa dutse. Har yau ko takalminsa bai dawo ba. Saura Auta, wanda gashin baki ya fara tsiro wa bana. Ɓoye shi kawai ba zai isa ba, domin wancan karon an ƙidaya shi cikin yara, dole a tambayi inda ya shiga.

Matarsa ta tsaya daga nesa, ta yi tagumi.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Rami irin wannan ba ya son zama da yunwa."

"Kututture zan ba shi ya ci," in ji Maƙeri. "Ke dai ki tanadi hawaye."

"Sai na tanada? Na wancan ma bai bushe ba."

Wanzami, maƙwabcinsa, ya leƙo ta katanga. "Allah ya jiƙan mamaci! A'a, ga shi ma yana soshe-soshe." Ya yi dariya, sai kuma ya katse ta, don shi ma yana da saurayi a gida. "In ka gama, ara mini shebur ɗin."

Kafin rana ta faɗi, duk gidan da ke da saurayi ya yi sabon kabari. Washegari samarin suka hau rumbuna suka kwanta a kan hatsi, aka mayar da jinka.

Malamin ƙidaya siririn mutum ne, da fensir a kunne. Ya jera mutane a gindin bishiya, tsofaffi nan, mata nan, yara nan. A layin samari akuya ce kaɗai tsaye. Maƙeri ya ja shi bayan gida ya nuna masa tudun ƙasa.

"Me ya same shi, Baba?"

Wannan ce tambayar da Maƙeri bai shirya mata ba. Abin da ya daɗe yana yi masa yawo a kai shi ya fito.

"Zazzaɓi. Sai kumburi a hammata."

Wanzami yana ji, da aka zo kansa ya faɗi haka. Na gaba ma haka, har ƙarshen gari. Malamin yana ta rubutu.

"Akwai ɓeraye a nan?"

"Sai dai a rumbu, ranka ya daɗe, kamar ko'ina."

Ya toshe hanci da hankici, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa, ya hau kekensa bai waiwayo ba.

Gari ya yi ta dariya, har Wanzami ya naɗa Maƙeri sarkin dabara. Maƙeri kuwa kullum da safe sai ya zaga ya duba kabarin. Tudun yana lotsawa kaɗan-kaɗan, kamar cikin mai jan numfashi. Bai gaya wa kowa ba.

Ran nan da safe aka ji kukan mota. An ɗauka masu ƙidaya ne suka dawo, samari suka ruga rumbuna. Amma waɗanda suka sauko sun ɗaure baki da hanci da farin ƙyalle, kowa da galan ɗin kananzir. Suka zagaye gari da igiya. Malamin ƙidaya ya tsaya can wajen igiyar, ya ɗaga murya.

"Annobar ɓera ce ta cinye muku samari. Za a ƙone rumbuna duka, a kawo muku wani hatsin. Ku yi haƙuri, don ceton waɗanda suka rage ne."

Da gidan Maƙeri aka fara, tunda nan ciwon ya fara. Kananzir ya jiƙa jinkar, yana ɗiga a gindin rumbu. Daga ciki ko tari babu. Auta yaro ne mai jin magana, an ce masa kada ya motsa sai ubansa ya kira shi.

Ɗaya daga cikin masu farin ƙyallen ya laluba aljihu ya fito da ashana. Matar Maƙeri mijinta kawai take kallo.

"Auta," in ji Maƙeri. "Sauko."

Jinka ta ɗaga. Daga gidan Wanzami aka ji wani kiran, sai na gaba, sai na gaba, gari duka yana kiran matattunsa.

An riga an sauke kananzir, motar babu komai a cikinta. Direba ya dubi samarin da ke dirowa da ƙaiƙayi a ka, ya zaga a hankali ya buɗe bayanta.