Dutsen Kaka Ya Daina Ɗiga

A gidan bakanike babu abin da ke motsi sai wanda ya yarje wa. Ƙofar kicin, hannun tukunya, ƙafar kujera, duk sun sha sufana. Baba, wato bakaniken, ra'ayinsa game da duniya ɗaya ne: duk abin da ya lalace, noti ne ya saki.

Abu guda ne ya daɗe yana tsira daga hannunsa, wato dutsen tace ruwa na Kaka, mahaifiyarsa. Dutsen yashi ne da aka fafe cikinsa kamar turmi, yana zaune kan ƙafafun katako a lungun baranda. A zuba ruwa ta sama, ya ratsa jikin dutsen a hankali, ya riƙa ɗiga cikin tulu, ɗis, ɗis. Kaka ba ta shan wani ruwa sai shi. Na famfo, in ji ta, ruwa ne da bai sha wahala ba.

Sai aka kwantar da Kaka asibiti saboda ƙoda, dutse ya zama ba mai gadi. Baba ya hango wata 'yar tsaga a gefensa, siririya kamar gashi. Ya ƙera ɗamarar ƙarfe, ya zagaye dutsen da ita, ya ɗaure notunan da doguwar sufanar da yake ɗaure tayar tirela. Tsaga ta rufe ruf. Ɗiga ma ta tsaya.

Ranar da aka sallamo Kaka, likita ya ce magani ba zai yi komai ba sai da ruwa, ruwa mai yawa. Kaka ta leƙa tulu, ta ga gindinsa ƙayau, ta nemi wuri ta zauna.

"To, zan jira shi," ta ce.

Wadda abin ya fi damu ita ce 'yar Baba ta biyu, wadda gidan ke kira Farfesa, ba don girmamawa ba. Tana aiki a ɗakin gwajin duwatsu na jami'a, kuma aikinta kullum ke nan: ta sa guntun dutsen yashi cikin rigar roba, ta matse shi da inji, ta tura ruwa ta kai ɗaya, ta jira shi a ɗaya kan. Ta san abin da ya samu dutsen Kaka tun daga bakin ƙofa. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda ake gaya wa Baba ya yi kuskure, domin ba a taɓa gwadawa ba.

Washegari ta haddace jawabinta a cikin bas. Da ta iso ta tarar da Kaka riƙe da ƙwayoyin magani a tafin hannu, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Mama ta jera mata ruwan roba, da na famfo, da dafaffe. Kaka ko kallo ba su ishe ta ba. Baba kuwa yana tsugune gaban dutse da sufana.

"Baba, me za ka yi?"

"Zan ƙara masa. Bai matsu ba ne."

Jawabin bas ya gudu ya bar ta. Ta gyara tabarau.

"Baba, ai... matsin ne ya hana shi."

"Ji Farfesa. Soso in kin matsa, me yake fitarwa?"

"Ruwa."

"To."

"Sau ɗaya, Baba. In ka ci gaba da riƙe shi a matse, ka zuba wani a kai, ta ina zai bi?" Ta nuna dutsen. "Dutsen nan ƙwayoyin yashi ne manne da juna, da 'yan ɗakuna a tsakaninsu. Ɗakunan ba sa rufewa da wuri. 'Yan siraran hanyoyin da suka haɗa ɗaki da ɗaki su ke fara tsukewa. Ruwan yana ciki, ƙofa ce babu."

"Kamar gidan nan," in ji Mama daga kicin.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya taɓa dutsen, ya ji shi a jiƙe, da sanyi. Ya dubi uwarsa.

"Inna, ki sha na roban mana, yau kaɗai."

"Kai ka sha. Kai ka ɗaure."

Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. "Ni dai tunda nake ban taɓa kwance notin da na ɗaure daidai ba. Gareji zan tafi." Ya jingine sufanar a jikin ƙafar Farfesa. "Wannan kuma mantawa na yi da ita."

Ya tafi har bakin ƙofa, ya tsaya yana nazarin makulli.

Farfesa ta sa sufana a noti, ta ja. Ko gezau. Ta rataya a jikin sufanar da duk nauyinta, wanda ba shi da yawa, har ƙafafunta suka bar ƙasa.

"Hagu ake yi," in ji Baba, yana magana da makulli.

Ta koma hagu. Noti ya ci gaba da zamansa.

"Dubi abin da boko ya mayar da hannu," in ji Kaka. "'Yar nan, ko kwalbar man shafawa kina iya buɗewa?"

Baba ya dawo, ya ɗora hannunsa a kan nata. "Riƙe miki kawai nake yi. Ke ce mai kwancewa, kowa ya shaida." Noti ya yi ƙara, ya juya. "Kaɗan. Sai na ɗaya gefen, kamar taya, kada ya tsage."

Suka sassauta duka, suka bar ɗamarar tana riƙe da tsagar ba tare da ta shaƙe dutsen ba. Sannan kowa ya zuba wa gindin dutse ido. Farfesa ta san wasu hanyoyin in sun rufe ba sa sake buɗewa, ta sha gani a wurin aiki. Ba ta faɗa ba.

Can sai wani ɗigo ya taru, ya kumbura, ya yi ta shawara, sannan ya faɗa tulu. Na biyu ya daɗe kafin ya biyo shi. Ba kamar da ba, amma yana zuwa.

Sai da rana ta karkata kofi ya cika. Kaka ta watsa ƙwayoyin a baki, ta shanye ruwan tas, ta lashe leɓe.

"Ƙarfe-ƙarfe yake yi," ta ce, ta miƙa wa Farfesa kofin. "Sake tarawa."

Baba ya dafa ƙafar katakon da dutsen ke kai, ya ji tana ɗan girgiɗi. Farfesa ta ɗauke sufanar ta shige ɗaki da ita.