Kujerar Askina Ta Shiga Aji Ɗaya

Ni mai aski ne, surutu sana'ata ce, amma wannan labarin ba don daɗin baki nake ba da shi ba. Da 'yata Auta ta isa shiga makaranta, na riƙe hannunta muka je firamaren unguwarmu, can bayan babbar kwata. Hedimasta bai ɓata bakinsa ba. Ƙofar aji ɗaya kawai ya buɗe, yara biyu suka faɗo waje. Ya tura su ciki da gwiwa, ya rufe. Ya ce na dai gani da idona, amma in zan kawo abin zama, in kuma sama masa wuri, to bismilla.

A gida kan tabarma muke zama. Kujera ɗaya na mallaka a duniya, ta shago, mai juyawa, mai fedar da ake takawa ta tashi sama. Da na ce ita zan kai, Maman Auta ta ce na haukace. Na ce na ji, haukan nawa ne.

Kujerar ba ta shigu ta ƙofa ba, sai ta taga muka zura ta, ni da mai gadi, yara na karɓa daga ciki kamar tururuwa sun sami ƙwaro. Auta ta hau, aka taka mata feda, ta tashi sama da kan kowa. Ranar ta dawo tana ba mu labarin allo: ashe baƙi ne, har rubutu ake yi a jikinsa. 'Yan layin baya sun shekara a ajin ba su sani ba. Wallahi sai da na yi ƙwalla don daɗi.

A shago kuwa bokiti na kife. Masu zuwa aski suna zaune a kai suna ƙunƙuni, ni ina durƙushe kamar mai neman gafara. Ko a jikina.

Ba a jima ba malamarsu ta lura cewa in ita ta hau, duk aji zai gan ta, ta kuma juya ta kama masu surutu. Magana ce ta hankali, ban musa ba. Aka sauko da Auta ta zauna a gindin kujerar, aikinta taka feda. Sai wata rana hedimasta ya leƙo ta taga, ya ga malama tana shawagi a saman kansa, abin bai yi masa daɗi ba. Kujera ta koma ofis. Da masu duba makarantu suka zo, ita aka fara nuna musu, an shafa mata fenti har da lamba. Suka yaba da ci gaban da aka samu.

Wurin da ta bari a aji, kafin ƙiftawar ido yara sun cike shi. Auta ta koma waje, gindin taga, cikin masu jin karatu ta bango.

Na je raina a ɓace, na tarar da hedimasta a kan kujerar yana juyi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya yi mini bayani a natse. Gurbin da aka bayar na kujera ne, yarinya biyo ta kawai ta yi. In na ɗauke ta, gurbi ya tafi, ko a gindin tagar ma Auta ba ta da hurumi. Ya ƙara da cewa kujerar ba ta taɓa fashi ba, ba ta surutu, bana ma za a ciyar da ita gaba zuwa aji biyu.

"Tunda ka zo," ya ce yana kwantar da kai, "ɗan rage mini gefen nan."

Da kunya nake faɗa, amma na rage masa. Almakashi na aljihuna, kuma tsoro nake kada a kori 'yata daga bango.

Ashe Auta na bakin ƙofa, ta ji komai. A hanya, da muka zo tsallaka titi, sai ta ja mini riga.

"Baba, in na daina motsi, na daina magana kamar ita, za su mayar da ni ciki?"

Na ce ta kula, ga mota nan.