Man Kaɗe a Kan Tangaran

Maigidana Malam Isufu shekara uku yana renon wani faranti. Wallahi faranti ne, farin tangaran, ko tuwon mutum ɗaya ba zai ɗauka ba. A wani labo, wato ɗakin binciken kimiyya, kusa da Paris yake karatu, ni kuma ina koyon aikin jinya a Lyon, ɗakinmu a unguwar Minguettes, hawa na tara. Juma'a ya zo, Litinin da asuba ya hau jirgin ƙasa na TGV ya koma.

Ya sha yi mini bayani. Akwai injin da ke kora ƙwayoyin zarra da gudu, ana ɗura masa wuta mai ƙarfi da ke kaɗawa kamar ta rediyo. Farantin nan shi ke tsare ƙofa: igiyar rediyo ta wuce, iska kada ta shiga. Aikin Malam ya auna ƙarfin da tangaran zai jure kafin ya yi tartsatsi.

A hunturun 1985 ya zo gida fuska a murtuke.

"Hassia, farfesa ya ce awona ba ya tsayawa wuri ɗaya. In wata ya ƙare a haka, babu digiri, sai komawa gida Maraɗi."

Na ce, "Kai! Bayan shekara uku?"

"Wani farantin ya jure, wani ya tsage tun wuta ba ta kai rabi ba. Kuma buhunsu ɗaya."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci. Na jawo littafin awonsa, ban fahimci lissafin ba ko kaɗan, amma ai na iya karanta ranaku. Duk wanda ya tsage, ran Litinin aka ɗora shi. Na Laraba lafiya lau.

"Da me kake ɗaukar su?"

"Da safar hannu mana. Ta auduga."

Auduga! Mutum da ilimi har wuya! Mu a asibiti mun san auduga ba ta tare maiko. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na tuna wani abu. Sanyin ƙasar nan yana farfasa masa hannu har jini, shi ya sa kowace Litinin kafin ya fita nake zaunar da shi in murje masa yatsu ɗaya bayan ɗaya da man kaɗen da Inna ke aiko mini. Ba mu iya sallama da baki ba, wannan ce sallamarmu.

Na ce, "Malam, ni ce na fasa maka farantanka."

Ya kalli hannuwansa. Ya ce, "To a bar digirin."

"A bar me? Tashi ka ba ni wuri!"

Litinin na wanke masa hannu da sabulu sau uku, na cusa masa safar roba ta asibiti a aljihu. Ya miƙo mini yatsun a bakin ƙofa don sabo, na ɓoye nawa a bayan zane. Da lif ya rufe na yi kuka.

Alhamis ya kira gidan maƙwabciyarmu Balkisa, yana ihu a waya: faranti huɗu, babu tartsatsi ko ɗaya.

Juma'a ban jira shi a gida ba. Na je tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu da gwangwanin man kaɗe a jaka. Ya sauko, bayan hannunsa duk ya tsattsage. Na zaunar da shi a benci, Turawa na wucewa suna kallonmu, na fara daga ɗan ƙaramin yatsa.