Rigar da Gwana Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Akawu ya yi shekara talatin da biyu yana buga takardu a ofis, kuma ko da ya yi ritaya, yatsunsa ba su yi ba. Duk mai neman aiki a layinsu, da mai koke, da mai son a rubuta masa takardar haya, falonsa suke zuwa. Sai ya gyara zaman tabarau ya buga musu, ya haɗa musu da nasihar da ba su tambaya ba. Da tsohuwar kwamfutarsa ta mutu, wata ƙatuwa mai gurnani da ta cinye rabin tebur, kwana uku kacal ya iya daurewa. A na huɗu ya ɗora hula ya nufi shagon mai gyara.

Mai gyaran wani kakkaura ne mai furfura a gemu, kowa Injiniya yake ce masa. Ya miƙa hannu cikin kanta ya ɗauko wani ɗan baƙin akwati da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, ya dire a gaban Akawu.

"Ina sauran?" in ji Akawu.

"Ke nan, Baba. Allonka na gida da madannanka duk za su hau kanta."

"Ka ji tsoron Allah, Injiniya. Wannan ai ko wasiƙa biyu ba za ta ɗauka ba."

"Allura ma ƙarama ce, Baba, amma ƙarfe ce."

Sai da aka kunna masa ita, ya buga layi biyar yana hararar allo, sannan ya yarda. Ya sa ta a leda ya kamo hanyar gida, yana tafe yana leƙa ledar.

Matarsa tela ce. Tun suna sabon aure ya sa mata suna Gwana, sunan kuma ya bi ta har 'ya'yansu suka ɗauka. A gidan nan ba abin da ke zama tsirara. Firiji da rigarsa, rediyo da tasa, fanka da tata, har butar shayi ba ta tsira ba. Autarsu kan ce in ka daɗe a tsaye a falon, kai ma sai an auna ka. Amma shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Gwana. Allah ya tashe ta, tana takawa da sanda, sai dai hannun dama ya zauna da nauyi, yatsun ba sa dunƙulewa. Ta bar ɗinki. Ta bar faɗa ma, kuma wannan ya fi komai damun Akawu, don mace ce da a da ba ya ajiye takalmi a karkace ta ƙyale shi. Yanzu wuni take a kujerar bakin taga tana amsa sannu.

Ranar da ya jona sabuwar kwamfutar, ya ji idonta a bayansa.

"Malam, haka za ka bar ta?"

"Yaya?"

"Tsirara mana. Ƙura fa?" Sannan ta ce, "Duba min cikin durowar can, tef ɗina na awo yana ciki."

Akawu ya tashi da saurin da gwiwoyinsa suka daɗe da mantawa. Shi ya riƙe mata bakin awon, ita tana karanta lambobin a hankali, tana sa shi ya sake in ya kauce.

Kwana tara ta yi tana ɗinkin da hannun hagu, na daman yana danne ƙyallen a kan cinyarta. Ragowar wani shuɗin karan-miski ta samo, ta shimfiɗa masa soso a ciki don kar abin ya bugu, ta sa zif a baya, ta bar 'yar kafa guda ta wayoyi. Shi ke zura mata zare a allura. Wani lokaci allurar ta suɓuce ta faɗi, ya durƙusa yana lalube a ƙarƙashin kujera, ita kuma tana ce masa idonsa na ado ne. Wannan gorin ya fi masa duk gaisuwar duniya daɗi. Da ta gama, ɗinkin ya fito a karkace, nan da faɗi, can a matse. Ya gani sarai. Ya zura wa kwamfutar rigarta, ya ja zif, ya ce, "Kai, ya yi kyau," kuma har cikin ransa ya faɗa.

Washegari yana tsakiyar buga wa wani maƙwabci takardar koke, sai ya ji 'yar fankar da ke cikin kwamfutar ta ɗauki kuka. Kafin ya kai ga "naka mai biyayya", allo ya yi baƙi ƙirin. Ya sake kunnawa, ta yi minti ashirin ta sake ɗaukewa. Ya zare wayoyi zai mayar wa Injiniya kayarsa.

"Cire mata rigar tukuna," in ji Gwana. "Shagon nan nasu duk baƙin mai ne, kar su ɓata min aiki."

Ya cire, ya ninke, ya sa a durowa. A shago kuwa kwamfuta ta wuni tana aiki lafiya lau, ko tari ba ta yi ba. Injiniya ya shafa gemu ya ce wataƙila ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan, in an buɗe takardu da yawa sai ta gaji. Ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗaga murfin, ya cusa wani ɗan siririn koren falle a gurbinsa har ya ce ƙas. Akawu ya dawo gida da alfahari, yana gaya wa Gwana an ninka wa yarinyar nan hankali. Aka mayar mata da rigarta. Bayan minti ashirin ta mutu da hankalinta ninki biyu.

Zuwa na biyu, rigar tana durowa kamar wancan karon, Injiniya ya canja ma'ajiyar da takardu ke zama a ciki, ya sa wata sabuwa mai sauri. Gaskiya ta yi sauri, kafin Akawu ya gyara zama ta riga ta tashi. Amma mutuwar ma ba ta fasa ba. A zuwa na uku Injiniya ya ji abin ya taɓa masa suna.

"Baba, ko dai wutar gidanka ce, ko kuwa akwai aljani a teburin nan. Gobe da hantsi ina tafe."

Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya gaida Gwana har da rusunawa, ya juya wajen tebur. Nan ya tsaya. Ya dubi shuɗin karan-miskin, ya ɗora tafin hannu a kai, ya janye da sauri don zafi. Ya buɗe baki.

"Ni na ɗinka," in ji Gwana daga bakin taga. Ta faɗa a hankali, amma fuskarta ta cika da haske. "Da hagu."

Akawu bai san komai game da cikin kwamfuta ba, amma shekara talatin da biyu a ofis sun koya masa karanta fuskar mutumin da zai kawo mummunan labari. Ya matsa ya take ƙafar Injiniya, takawa mai kyau.

"Ma sha Allah, Mama," in ji Injiniya da 'yar siririyar murya. "Hannu bai manta ba." Ya ɗan taɓa soket, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce zai yi nazari.

Sai a bakin ƙofar gida ya fashe, yana ɗingishi. "Haba Baba! Ka taɓa ganin an naɗe mutum da bargo da tsakar rana an ce ya yi gudu? Abubuwan nan ƙanana ne, ba su da fili a ciki, da 'yan hujojin ƙasa da na baya suke shan iska. Kun toshe su da soso! Da tun ranar farko ka kawo min ita da rigarta, da ban buɗe mata ciki har sau biyu ba."

"Rage murya," in ji Akawu, yana waige.

"A cire rigar kawai, shi ke nan."

"Kai dai jeka, na gode. Wannan gyaran ba naka ba ne."

Ya daɗe a tsaye bayan babur ɗin Injiniya ya ɓace. Abin da ya tayar da matarsa daga kujerar taga, ya dawo mata da baki, shi ne za a ce mata ya zama cuta? Ya ji ba zai iya ba. Don haka dattijo mai jikoki ya koma ɓarawo a gidansa. Ya gaya wa masu takardu su riƙa zuwa bayan azahar, lokacin da Gwana ke shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa. Tana shiga zai zuge zif, ya tuɓe rigar, ya ɗora a cinya, ya hau bugu. Kwamfuta kuwa ta ba da mamaki, ga hankali ga sauri, fankarta ko motsi ba a ji. Da ya jiyo ƙwas-ƙwas ɗin sanda a baranda, sai ya kashe, ya zura mata riga, ya ɗauki jarida. Sati biyu yana wannan, har ya fara yaba wa kansa dabara.

Abin da bai sani ba, likitar gashin ƙashi ta ce wa Gwana ta riƙa gwada 'yan taku ba sanda, ita kuma ta ɓoye masa don ta ba shi mamaki. Ranar nan wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya tana zaune yana buga mata takardar neman hutu, sai ya ga matar ta ɗaga kai tana murmushi. Ya juya. Gwana ce a bakin ƙofa, dafe da bango, a kan ƙafafunta. Idonta ya sauka a kan kwamfutar tsirara, ya koma kan shuɗin ƙyallen da ke dunƙule a cinyarsa, ya koma kan baƙuwar. Murmushin da ta zo da shi ya gushe. Ta amsa gaisuwa, ta juya ta koma.

Da safe bai ga rigar a kan tebur ba. Ya duba durowa, ya duba bayan kujera. A buhun tsummokaran goge-goge ya same ta. Gwana tana bakin taga, hannuwa a cinya, irin zaman nan da ya ɗauka an rabu da shi.

Ya jawo kujera ya zauna a gabanta da rigar a hannu. "Me ya kai wannan cikin tsumma?"

"Can ne wurinta." Ba ta dube shi ba. "In baƙi za su zo kake cirewa, na gani. Ba sai ka wahalar da kanka da ɓoyo ba, Malam. Hannu na rasa, ban rasa ido ba."

"Ya yi kyau" ta zo masa har bakin leɓe, don ita ce kalmar da ya saba. Sai ya ga ita ce ta kawo su nan. Ya haɗiye ta. Ya tashi ya zaro kwamfutar daga wayoyinta, ya kifa ta a kan cinyar Gwana.

"Tunda gaskiya kike so, ga ta. Rigar nan taki ta kusa kashe min kwamfuta. Kin ga 'yan hujojin nan? Da su take numfashi. Kika bi su da soso kika liƙe, ko iskar sauro ba ta shiga. Duk sintirin da na yi wurin Injiniya, ke ce."

Ta bi hujojin da ɗan yatsan hagu, ta juya akwatin ta duba na baya. Sannan ta ɗago kai.

"Da nake aunawa, me ya hana ka ce min tana numfashi?"

"Ni ma ban sani ba."

"Ba ka sani ba! Mutum ya tsufa a gaban inji, a ce bai san ta inda yake shan iska ba? Sai ka bar ni na ɓata kwana tara da sosona?" Muryar ta fara dawowa, har ta ɗaga. Sai kuma ta sauke ta, ta dube shi ido cikin ido. "Ɗinkin fa? Kar ka yi min ƙarya."

Ya riga ya shiga ruwa. "Ya karkace. Gefen nan ya fi muni. Zif ɗin ma yana cijewa a tsakiya, kullum sai na yi kokawa da shi."

Akawu ya ga idanunta sun ciko, ya ce a ransa shi ke nan, ya rushe komai da bakinsa. Sai ya ga kafaɗunta suna rawa, ashe dariya ce take fitowa tare da hawayen.

"Shekara biyu," in ji ta, tana share fuska da gefen mayafi, "kowa ya shigo gidan nan sannu ce. Ko gishiri na zuba a shayi sai ku shanye ku ce ya yi daɗi, har da kai. Yau ne aka fara dawo min da aiki."

Ta karɓi rigar daga hannunsa, ta juya cikinta waje, ta kai ta kusa da ido tana bin ɗinkin. Ta ce soson zai fita gaba ɗaya, ƙasa a bar shi a buɗe, baya kuma a sa raga, zif ɗin a farke a sake kafawa. Ta sa ya miƙo almakashi, ta sa ya riƙe mata gefe, ta ce ya ja da kyau ba riƙon marasa cin abinci ba.

"To yaushe zan samu?" in ji Akawu. "Ina da takardun mutane."

Gwana ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ba kai kaɗai ne mai uzuri ba, Malam. Ka dawo jibi."